Sun gina min shafi mai kyau, amma suka bar shi a rufe ga idon Google

Kamfanin da na bai wa aikin shafina ya iya gini, wannan kam ba zan danne musu haƙƙinsu ba. Shafin yana buɗewa da sauri a waya, rubutu yana fita tar, kuma duk abin da na ce a sauya sun sauya ba tare da ɓata rai ba. Da a nan aka tsaya, da yabo zalla za ku karanta. Rigimar ta taso ne daga kashi na biyu na yarjejeniyarmu, wanda na biya wa kuɗi daban, wato alkawarin da suka yi cewa za su sa shafin ya riƙa fitowa idan mutane sun yi bincike a Google da sauran injinan bincike. Shafin darussan lissafi ne na ɗalibai. Na zuba masa rubutun da na daɗe ina tarawa, kuma burina bai wuce ɗalibin da wata tambaya ta tsaya masa a wuya ya rubuta ta a waya, ya faɗo kan bayanina ba.

Takardar da suka turo min cike take da abubuwa masu daɗin ji. Za su miƙa shafin ga ɗaruruwan injinan bincike, za su sa masa kalmomin da mutane ke yawan nema, za su samo masa mahaɗai daga wasu shafuka, wato adireshinsa da ake liƙawa a can domin wanda ya danna ya zo nawa. A can ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe, aka rubuta cewa zai hau shafin farko na Google.

Aka gama gini, aka ɗora shi a intanet, na koma jira. Makonni suka wuce. In rubuta sunan shafin sak yadda yake, babu shi. In kwafo jimla guda daga cikin darasina in liƙa a wurin bincike, jimlar da na tabbata babu wanda ya taɓa rubuta irinta, nan ma babu. Duk lokacin da na kira su amsar ɗaya ce: "Malam, ka ƙara haƙuri, sabon shafi sai a hankali, Google ne bai zo ba tukuna." Abin da ya sa na yi ta haƙurin shi ne maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin Google da kansa ya ce gano sabon shafi kan ɗauki 'yan kwanaki har zuwa 'yan makonni. Ƙarshen wata kuma sai su turo rahoto mai launi-launi, da dogon jerin sunayen wuraren da suka ce sun yi wa shafin rajista. Kullum gafara sa, ba mu ga ƙaho ba.

Wata abokiyar aikina ce ta warware min zaren. Ta ce in rubuta site: a wurin binciken Google, in bi shi da adireshin shafina ba tare da barin tazara ba. Na rubuta. Ko layi ɗaya bai fito ba. Ta ce to wannan ba wai shafinka yana can baya ne a jerin sakamako ba, kwata-kwata ba ya cikin rumbun Google. Abubuwa biyu ne daban, kuma maganinsu daban. Shafin da yake cikin rumbu amma yana baya, shi ake yi wa aikin inganta rubutu da neman mahaɗai. Wanda ba ya ciki kuwa, duk abin da aka yi masa aikin banza ne sai an gano abin da ya tare ƙofa.

Ita ce ta tambaye ni abin da Search Console ya nuna. Wannan wani dandali ne na Google, kyauta, wanda a da ake kira Webmaster Tools kafin a sauya masa suna a 2015. A nan mai shafi yake ganin yadda Google ke kallon shafinsa. Na tambayi kamfanin su ba ni damar shiga, suka ce kar in damu, suna kula da wannan ɓangaren. Da na matsa sai zance ya fara tsawo, yau a ce wanda ke riƙe da kalmar sirri ba ya nan, gobe a ce za a turo. Sai na buɗe da kaina. Google ya ba ni wani ɗan layin haruffa, na kai shi wurin da na yi rajistar sunan shafin na liƙa a saitunan DNS, wato saitunan da ke haɗa sunan shafi da inda aka ajiye shi, aka tabbatar cewa shafin nawa ne.

Akwai wani dogon gurbi a saman dandalin inda ake sa adireshin kowane shafi a duba lafiyarsa. Na sa na shafina na farko, wanda ake fara gani idan an buɗe. Amsar ta fito ƙarara cewa ba ya kan Google, kuma ga dalili a ƙasa: an samu umarnin noindex. Ma'anar wannan umarni ita ce mai shafi da kansa yana gaya wa injin bincike kada ya saka shafin a rumbunsa. Na buɗe rubutun da ke bayan shafin, wanda mai karatu ba ya gani, sai ga shi can sama cikin layukan farko, kalmar robots, kusa da ita noindex da nofollow, wato kada a bi mahaɗan da ke cikin shafin. Na duba darasi na gaba, haka. Na gaba, haka. Duk shafin gaba ɗaya.

Da WordPress, wata manhajar gina shafuka, suka gina min shi. A cikin saitunansa, ɓangaren karatu, akwai wani ɗan akwati guda da ake dannawa domin a hana injinan bincike ɗaukar shafi. Masu gini sukan danna shi lokacin da suke aiki, kuma daidai ne, don kada a kwashi shafin da bai kammala ba. Ranar buɗewa sai a cire alamar. Nawa ba a cire ba. Ɗan akwatin yana nan da alamarsa tun ranar da suka fara aiki.

Mantuwa ba ta ba ni haushi sosai ba, kowa yana yi. Abin da ya ƙona min rai yana ƙasa kaɗan a wannan rahoton, inda aka rubuta ranar da Googlebot, manhajar da Google ke aikawa ta zagaya shafuka, ta ziyarci nawa. Ashe ta zo. Ta zo tun tuni, ta karanta umarnin da aka bar mata, ta bi shi, ta wuce. Duk tsawon lokacin da ake ce min Google bai zo ba, babu wanda ya duba. Mutanen da na biya musamman don wannan aiki ba su taɓa yin binciken da bai fi ƙarfin minti biyu ba, amma suna da lokacin tsara min rahoto mai launi. A tsakanin nan an yi zangon jarrabawa guda, lokacin da ɗalibai suka fi neman irin abin da na rubuta, ya wuce ni shafin yana kulle.

Na ɗauki hoton allon na tura musu ba tare da na ƙara ko kalma ba. Ba a jima ba wani matashi daga cikin ma'aikatansu ya kira ni, kuma shi ne dalilin da ya sa sharhin nan bai fi haka zafi ba. Bai yi wata kwana-kwana ba. Ya ce, "Yallaɓai, wallahi laifinmu ne, ba na Google ba. Ka ba ni dama in gyara yanzu muna kan layi." Ya cire alamar, ya share tsohon kwafin da shafin ke ajiyewa don saurin buɗewa, ya ce in sake dubawa. Umarnin ya ɓace. Ya leƙa fayil ɗin robots.txt ya tabbatar babu abin da aka toshe a can, yana yi yana min bayani cewa wannan fayil ƙa'ida ce da ake bi tun 1994, kuma idan aka toshe shafi a cikinsa Googlebot ba zai ma shiga ya karanta abin da ke ciki ba. Sannan ya nuna min inda zan sa taswirar shafi, wato fayil ɗin da ke jera adireshin kowane darasi. Ya ce guda ɗaya tana ɗaukar adireshi har 50,000, don haka nawa ba zai cika ta nan kusa ba. Daga ƙarshe muka danna maɓallin neman a saka shafin a rumbu, na shafin farko da wasu manyan darussa, domin akwai iyakar adadin da ake iya nema a rana.

Cikin 'yan kwanaki shafin farko ya bayyana. Farin cikin da na yi ba ya misaltuwa. Darussan suka riƙa biyo baya ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ba duka ba. Wasu an rubuta musu cewa an gano su amma ba a kai ga karanta su ba, wasu kuma an karanta amma ba a saka ba tukuna. Na lura gajerun darussan da suka yi kama da juna su ne suka fi maƙalewa, sai na haɗe wasunsu na faɗaɗa misalai, na kuma sa mahaɗai daga wannan darasi zuwa wancan. A lokacin har na yanke shawarar in yafe wa kamfanin, in ce kuskure ne guda kuma sun gyara.

Sai na buɗe ɓangaren mahaɗai a Search Console. Nan na ga wuraren da aka liƙa adireshin shafina: shafukan caca, shafukan tallar ƙwayoyi, da wasu da aka rubuta cikin harsunan da ban ma iya tantancewa ba, kowanne cike da dubban adireshi marasa alaƙa da juna. Shafin da na gina wa yara 'yan makaranta ke nan. Waɗannan su ne mahaɗan da aka yi min alkawari. Dokokin Google sun hana sayen mahaɗai don ɗaga matsayi, kuma tun 2012 ya fito da sauyin da aka sani da Penguin don yaƙar irin wannan. Na garzaya ɓangaren da ke nuna ko an hukunta shafi, alhamdu lillahi babu komai. Abin da na fahimta shi ne yanzu Google ya fi yin watsi da irin waɗannan mahaɗai kamar babu su. To amma ko da ba su cutar da ni ba, kuɗina aka ɗauka aka sayi abin da ba shi da amfani, aka kuma sa sunan aikina a wuraren da ba zan so ɗalibi ya gan shi ba.

Daga nan na koma kan takardar alkawarin ina bin ta layi-layi, raina yana ƙara ɓaci. Kalmomin da suka ce sun sa, sun jibge su ne a wani ɓoyayyen gurbi na bayan shafi, wanda tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya amfani da shi wajen jera sakamako. Ɗaruruwan injinan binciken kuwa, su waye? Waɗanda ke da nasu rumbun kuma jama'a ke amfani da su ba su da yawa: Google, Bing na Microsoft, Yandex da ya fi ƙarfi a Rasha, Baidu a Sin, Naver a Koriya ta Kudu. Yahoo da DuckDuckGo galibin sakamakonsu daga Bing yake zuwa. Shi kuma Bing yana da nasa dandalin na masu shafuka, shi ma kyauta, har yana ba da damar a jawo bayanai kai tsaye daga Search Console. Na yi wannan a zama ɗaya. Yana kuma karɓar IndexNow, tsarin da Microsoft da Yandex suka fito da shi a 2021, wanda ke sanar da injin bincike da zarar an wallafa sabon rubutu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a rahotannin da aka yi ta turo min.

Na nemi a mayar min da kuɗin kashi na biyu, na gini kam ban ce komai a kai ba, sun ci halak ɗinsu. Wannan karon ba matashin nan ne ya amsa ba, shugabansu ne. Ya ce aiki an riga an yi, ya kuma turo min hoton shafina a saman sakamakon Google a matsayin shaidar cewa sun cika alkawarin shafin farko. Na duba abin da ya rubuta a wurin binciken, sai na ga sunan shafina ne. Sunan da ni kaɗai ke da shi, babu wanda nake takara da shi a kai. Ɗalibin da bai taɓa jin labarina ba ta yaya zai rubuta sunan? Google da kansa ya gargaɗi masu shafuka cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, kuma ba ya karɓar kuɗi don ɗaga wani a sakamakon da ba na talla ba. Na gaya masa haka. Maimakon amsa, sai ya yi min tayin sabon tsari na biyan wata-wata, wai shi ne zai kai ni inda nake so. Wannan ya fi ɗan akwatin ci min rai.

Yanzu dai ɓangaren da nake buɗewa kusan kullum shi ne wanda ke nuna kalmomin da mutane suka rubuta har shafina ya bayyana musu, da sau nawa aka danna. Adadin bai taka kara ya karya ba, amma na gaske ne. Darasin da ban ɗauka da muhimmanci ba, na raba lamba mai ɗigo, shi ya fi jawo masu karatu, don haka na zauna na rubuta masa ci gaba.

Idan gini kawai kake so, za su yi maka mai kyau, musamman idan aikinka ya faɗa hannun matashin nan. Amma kafin ka cika musu kuɗi, ka buɗe Search Console da asusunka, ba nasu ba, ka sa adireshin shafinka ka ga abin da zai ce. Kashin fitowa a bincike kuwa kada ka saya a wurinsu. Ni na sauya duk kalmomin sirri, na cire su daga cikin masu iya shiga shafin, na kuma sake tura takardar neman kuɗina a rubuce tare da hoton ranar da Googlebot ya zo. Har yau ba su amsa ba.