Toshiba T1000 ko ThinkPad 700C: wacce za ta jure ajiya a Zariya?

Ɗan'uwa, ka ce wani dattijo a Samaru yana kwashe kayan sito, ya fito da tsofaffin laftof biyu, Toshiba T1000 da IBM ThinkPad 700C, kuɗin hannunka kuma na guda ne. Ni dai Toshibar zan ce ka ɗauka, duk da na san ThinkPad ɗin ce ta fi shiga ranka.

Ba laifinka ba ne. ThinkPad 700C ta fito a 1992, baƙa wuluk, da allo mai kala inci 10.4, ga ɗan jan maɓallin nan a tsakiyar madannai da ya maye gurbin linzami. A tarihin laftof tana sahun gaba. Sai dai hadi-dis ɗinta, wato ma'ajiyar bayananta, ba mai mahaɗi irin IDE ba ne da ya cika gari daga baya, wani nau'in ESDI ne. Ranar da ya mutu, ko ka zagaye shagunan PZ da Sabon Gari kaf da wuya ka samu madadinsa. Sannan fatar roba da aka shafa wa jikin ThinkPad na wancan zamani tana narkewa da tsufa, ta koma danƙo. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu a ɗaki mai rufin kwano, ƙurar hunturu ta zo ta manne a kai, sai ka ji tausayin na'urar.

Toshibar ta girme ta da shekara biyar, 'yar 1987 ce. Allonta babu kala, babu fitila a bayansa, sai ka matsa kusa da taga kake ganin rubutu. Ƙwaƙwalwarta kilobait 512 kacal, da mazubin fulofi guda, wato faifan adana bayanai na da. To abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne ba ta da hadi-dis ko kaɗan. MS-DOS 2.11, manhajar da ke tafiyar da ita, tana cikin guntun ROM, wato ƙwaƙwalwar da ba ta gogewa, kana kunnawa ta tashi da kanta. Cututtukanta kuma sanannu ne: batirin NiCd da ke tsiyaya ya ci wayoyi da wani koren gishiri, da kafasita, ƙananan kayan cikinta masu riƙe caji, da ke zubar da ruwa. Duk mai gyaran rediyo da hannunsa ya faɗa zai iya canza su.

Idan ka koma wurin Baba, kada ka yarda a jona Toshibar "a gwada". Fara karanta jikin cajar, domin wadda aka sayo daga Amurka ta wuta 110 ce, tamu kuwa 220 zuwa sama. A buɗe laftof ɗin, ka shinshina. In ka ji ƙarni kamar na kifi, kafasita sun zuba, sai an wanke an canza kafin ta ga wuta. A cire tsohon batirin a ranar.

Wurin ajiya, nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da bangon da ke jiƙa a Agusta, don laima na ɓata fatar allo har ta riƙa tsami. Ka tambayi Baba ko littafinta da jakarta suna nan cikin siton, ka haɗa da su.