Takobin maƙeran Kasala: abin da za ka duba kafin ka biya

Duk Bahaushen Kasala, birnin da ke gabashin Sudan, ya san layin maƙera a kasuwa, inda ake rataye takubba cikin jajayen kube kamar an shanya barkono. Mutanen gari "saif" kawai suke ce masa, masu tara kayan tarihi a Turai kuma su ce kaskara. Hukuncinmu a taƙaice: aikin dukawa ya yi kyau, aikin maƙera kuwa sai ka tona.

A fara da abin da aka ƙera takobin nan domin shi. Ranar 2 ga Satumba 1898, a yaƙin Karari kusa da Omdurman, mahaya dawakin Ingila kimanin 400 na rundunar mashi ta 21 suka zaburo kan wasu 'yan tsirarun Ansar, wato mabiya Mahadin Sudan, da suka hango a fili. Ashe bayansu akwai kwari, Khor Abu Sunt, cike da mutane sama da dubu biyu a tsugune, cikinsu har da 'yan ƙabilar Hadandawa, mayaƙan Usman Digna, ɗaya daga kwamandojin Mahadi. Dawakai suka faɗa ciki. Ansar ɗin ba su tsaya neman kan mahayi ba: agarar doki suke sara, su tsinke linzami da majayi, sirdi ya juye, sannan a gama da wanda ya faɗo. Haka Laftanar Robert Grenfell ya mutu, matashin hafsan da aka aro daga wata runduna don wannan yaƙi. Cikin kamar minti biyu an kashe sojan Ingila 21, dawakai 119 sun mutu ko sun jikkata. Wato takobi ne na sara, ba na suka ba, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna na kasuwa.

Ruwansa miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, tsawo wajen santimita 90, faɗi huɗu zuwa biyar, nauyi kusan kilo ɗaya. Na da, da yawansu daga Solingen ta Jamus aka kawo ruwan, aka yi musu mariƙi a nan. Na yanzu galibi daga ƙarfen sifirin mota ake buga su. Ƙarfen ba shi da laifi, matsalar tana wurin ba shi ruwa, wato tsoma shi da zafinsa don ya yi ƙarfi. In an tsoma shi da zafi fiye da kima sai ya bushe, ya ɓare a baki. In wutar ba ta kai ba sai ya yi laushi kamar langa-langa. Gwajin ba wuya: dafa tsinin a kan katako, ka danna ya lanƙwasa kaɗan, ka saki. Mai kyau zai koma daidai. Wanda ya tsaya a karkace, mayar wa mai shi. Sai ka ɗaga shi saitin ido ka bi kwarmin da ke tsakiya. In yana tafiyar maciji, an yi gaggawa wurin goge shi.

Inda aka fi cutar mai saye shi ne cikin mariƙi, don ba a gani. Wutsiyar ƙarfen ya kamata ta shiga icen sosai, a kafe ta da ƙusa, sannan a naɗe da fata. A masu araha wutsiyar gajera ce, an cusa tsumma ko ɗan ice an danne. Riƙe shi ka girgiza kusa da kunne. In giciyen ƙarfen da ke kare hannu ya yi ƙwar-ƙwar, sara uku ba zai kai ba. Tambarin zaki ko na ƙuda a jikin ruwan ma kada ya ruɗe ka, tun zamanin kakanni maƙeran nan ke kwaikwayon tambarin Jamus, kuma sun iya.

Kube kam sai yabo. Fata ce da aka jeme da bagaruwa (itacen da Larabawa ke kira sunt, sunan wancan kwarin ke nan), an zane ta da ƙarfe mai zafi, ƙarshenta ya buɗe kamar ganye. Duba ɗinkin baya da zobba biyu na hamila, domin nan ne ke fara tsinkewa idan aka rataya a kafaɗa aka hau doki.

Don biki, rawar takobi ko adon bango, na matsakaicin kuɗi ya wadatar. Mai son na gaske ya ba da aiki, ya ce a nuna masa wutsiyar kafin a sa mariƙi, ya yi haƙurin jira. Da damina kuma a zare shi daga kube, a shafa masa man keken ɗinki, a naɗe da ƙyalle: jemammiyar fata tana riƙe laima, takobin da ya kwana biyu a ciki da tsatsa yake fitowa.