Dust Deputy: Tana Ceton Matatar Injin Zuƙe Ƙura, Amma Huhu Sai da Takunkumi

Dust Deputy, ƙirar kamfanin Oneida Air Systems na Amurka, roba ce mai siffar mazurari da ake ɗaurawa a kan murfin bokiti mai cin lita 19. Ba ta da injin kanta, ba ta cin wuta. Tsakanin injin da ke yanka katako da injin zuƙe ƙura ake sa ta. Iska mai ɗauke da dusa tana shiga ta gefe, ta riƙa juyawa kamar guguwa, nauyin dusar ya jefa ta jikin bango ta gangara cikin bokiti, iskar kuma ta fita ta bakin sama.

A aikin da aka yi ta dominsa, babu ƙorafi. Wanda ke aiki da injin goge katako ko ƙaramin zarton lantarki ya san yadda matatar injin zuƙa ke toshewa tun aiki bai yi nisa ba, ƙarfin ja ya mutu. Da wannan mazurari, kusan duk abin da ido ke gani a bokiti yake ƙarewa, matatar ta daɗe tana numfashi.

Sai dai haɗa ta na son kula. Babban abokin gabarta yoyon iska ne. Ko 'yar kafa ce a bakin murfi, ko a inda aka ɗaure ta da noti, iskar da ke kutsowa daga ƙasa za ta ɗago dusar ta wuce da ita cikin injin. A sa zoben roba, a bi shi da gam ɗin silikon, a ɗaure notin daidai wa daida. Bokiti mara kauri kuwa yakan lotse da zarar bakin tiyo ya toshe. Maganinsa a cusa shi cikin wani bokitin, ko a nemi na ƙarfe. Kada a bari ya cika ya kusa taɓa gindin mazurarin, a zubar tun yana kashi biyu cikin uku. Kuma da yake kanta ya fi gindinta nauyi, jan tiyo kaɗan ke kifar da ita, don haka a kafa ta a kan katako mai taya tare da injin. Tiyon ma a taƙaita shi, domin kowace lanƙwasa tana cin ƙarfin ja, ita kanta na'urar tana cin nata kason.

Bakinta inci 2 ne. Wannan ya dace da injin zuƙa mai ja da ƙarfi amma iska kaɗan. Injin feraye katako da babban zarton tebur suna son bututu mai inci 4 da iska mai gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. A nan ba hurumin wannan ƙaramar ba ne.

Inda masu saye ke ruɗuwa shi ne ganin bokiti a cike, daɓen ɗaki kuma tsaf, sai su ɗauka an gama da ƙura. Wadda ke cutarwa ba ta ganuwa. Gashin mutum kaurinsa wajen maikiron 70 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ƙurar da ba ta kai maikiron 10 ba ita ke wuce hanci da maƙogwaro, kuma takan yi sa'o'i tana shawagi bayan an kashe inji. Wani ɓangare nata yana tsallake guguwar saboda rashin nauyi, idan matatar injin ta banza ce kuma, sai ta feso shi cikin ɗaki. Tun 1995 hukumar IARC mai binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji, musamman na kogon hanci. Katakon iroko da na jan sida sun yi suna wajen tada asma, allon MDF na matsattsen garin katako kuwa da gam mai sinadarin fomaldihaid ake haɗa shi.

Saboda haka a sa wa injin matatar HEPA, mai riƙe kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu maikiron 0.3. A fuska kuma takunkumin roba irin 3M 6200 da matatar 2091 mai darajar P100 ya fi na takarda zama daram. Gwajinsa ba wuya: a toshe matatun da tafin hannu a ja numfashi, idan ya manne a fuska ya zauna, idan iska ta shigo a gyara madauri. Gemu yana hana shi kamawa, mai gemu sai ya nemi hula mai fanka da ke turo tacacciyar iska. P100 kuma ƙura kaɗai take tarewa; ranar shafa fenti ko banish, sai an canza zuwa matatar gawayi irin 6001.