Me ya sa -O3 ya taimaki Raspberry Pi 3 amma laftof ko gezau?

Wani ɗan'uwanmu ya ce ya haɗa shirinsa na C da GCC, kompailan da ke mayar da shiri zuwa umarnan inji, ya kunna -O3 (zaɓin ƙara wa shiri sauri) da -funroll-loops (zaɓin warware madauki, wato jera aikin zagaye da yawa a cikin zagaye ɗaya). A Raspberry Pi 3 sauri ya ƙaru, a laftof ɗinsa mai Intel Core kuwa kamar bai taɓa komai ba. Malam, GCC ba shi da laifi, halin injinan biyu ne ya sha bamban.

Pi 3 firosesan Cortex-A53 ne a cikinsa, irin wanda ke cikin wayoyi masu araha da yawa a kasuwanninmu. Yana iya sakin umarni biyu a bugun agogon firosesa ɗaya, amma bi da bi yake tafiya, daidai yadda kompaila ya jera masa. In umarni na uku na jiran sakamakon na biyu, na huɗu ma sai ya tsaya, ko da babu ruwansa da su. To a nan in kompaila ya warware madauki, ya cusa wani aiki a gurbin jiran, riba ce tsantsa.

Intel Core ba haka yake ba. Tun Pentium Pro na 1995 firosesocin wannan gida ke sake jera umarnai da kansu yayin aiki. Na yanzu suna hango ɗaruruwan umarnai a gaba, su ɗauki wanda ya shirya, kamar mai shayi da ke soya ƙwai kafin ruwa ya tafasa. Abin da GCC ya wahala ya tsara, injin zai yi ko ba a tsara masa ba. Wani lokaci ma warware madaukin kumbura shirin kawai yake yi, ya cika kash ɗin umarnai, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin firosesa.

Inda laftof ɗin ke neman taimako shi ne sarƙar da kowane mataki ke jiran na baya. Ɗauki sum += a[i] a kan float, wato tara jerin lambobi masu ɗigo a cikin ma'aji ɗaya mai suna sum. A Skylake, wani ƙarni na Intel Core, tarawa ɗaya bugu 4 take ci, alhali injin zai iya fara biyu a kowane bugu. Da ma'aji ɗaya, kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfinsa kake mora. GCC kuma ba zai raba maka tarawar zuwa ma'aji da yawa ba sai ka ba shi -ffast-math, domin sauya tsarin tarawa na iya sauya lambobin ƙarshe na amsa. Raba shi gida takwas da hannunka ka ga bambanci.

An taɓa gwada jingina komai ga kompaila: firosesan Itanium na Intel da HP, 2001. Matsalar, kompaila bai san ko bayanin da za a ɗauko yana kash, bugu huɗu ko biyar, ko sai an je RAM, bugu ɗaruruwa. A 2021 aka daina fitar da Itanium. Salon dai bai mutu ba, yana nan a firosesan Hexagon na Qualcomm, inda sarrafa sauti da hoto ke tafiya a tsari sananne.

A Pi ɗin, ƙara -mcpu=cortex-a53 don GCC ya san jinkirin da yake tsara wa. A laftof kuma fara da perf stat, kayan auna aikin firosesa a Linux, ka duba umarni nawa ake gamawa a bugu ɗaya. In bai kai ɗaya ba, galibi bayani daga RAM kake jira, ko injin na yawan kuskuren hasashen reshe, wato hasashen ɓangaren da shirin zai bi a wurin sharaɗi kamar if.