Tashi daga Yamai da yaron da ba ya jure hayaniya: wace hanya, wane abin rufe kunne?

Idan a gidanku akwai yaro mai galahanga, ko dattijon da ƙara da hasken fitila ke rikita shi, to farashi shi ne abu na biyu da za a duba a tikiti. Na farko shi ne inda za a sauya jirgi, da awa nawa za a zauna can.

Filin jirgin Diori Hamani na Yamai ba shi ne matsalar ba. Sabon ginin da kamfanin Summa na Turkiyya ya yi, aka buɗe a 2019 gab da taron Tarayyar Afirka, ƙarami ne: daga awon kaya zuwa ƙofar shiga jirgi taku kaɗan ne. Amma tun da Air France ta dakatar da zuwa Yamai a Agustan 2023, mai zuwa Turai sai ya yada zango a wani gari, a nan kuwa ake yin ta.

Istanbul, ta Turkish Airlines, ita ce ta fi tanadi. Filin yana cikin tsarin igiyar wuya kore mai zanen furen sunflower, wadda aka fara a filin Gatwick na Ingila a 2016. Duk ma'aikacin da ya gan ta a wuyan mutum ya san yana da lalurar da ido ba ya gani, sai ya sassauta murya, ya ba shi lokaci. Akwai kuma ɗakin hutawa da aka keɓe wa irin waɗannan matafiya. Sai dai filin ƙato ne na gaske. Tsakanin ƙofa da ƙofa za a iya shafe fiye da minti 20 ana tafiya, cikin ƙamshin turaren kantuna, allunan talla masu walƙiya da mutane ta kowane ɓangare, bayan an kwashe kusan awa shida a sama. Idan yaron yana jure tafiyar ƙafa kuma zangon ya kai awa uku, ni Istanbul zan zaɓa. Zangon awa ɗaya a can gudu ne da jan hannu, kar ma a fara.

Kasabalanka, ta Royal Air Maroc, ta fi kusa, ba ta kai awa huɗu ba, kuma ana jin Faransanci, abin da ke da amfani ranar da uwa take son bayyana wa ɗan sanda dalilin da ya sa ɗanta ya kwanta a ƙasa ya toshe kunne. Jiragen wannan hanya sun saba tashi tsakar dare. Ga yaron da ke barci da zarar an kashe fitila alheri ne. Ga wanda tashinsa daga barci ke jawo rigima, a sake tunani. Addis Ababa ta Ethiopian ta dace da masu zuwa Saudiyya ko Indiya neman magani, amma da dare filin yana cika maƙil. Lome ta ASKY kuwa ƙaramin fili ne, da sauƙin sha'ani idan tafiyar ta cikin Afirka ta Yamma ce.

Kowace ce, a tambayi mai ajans, wato mai sayar da tikitin: "Malam, jirgin nan yana sauka wani gari ya kwashi fasinja kafin ya wuce?" Wasu suna yi, kuma kowace sauka da tashi wani sabon ciwon kunne ne. A ce masa kuma ya saka lambar DPNA a cikin tikitin, aƙalla awa 48 kafin tashi. Lamba ce ta IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, don matafiyi mai lalurar ƙwaƙwalwa, irin su galahanga, da ke buƙatar taimako, ba a biyan ko dala. Kujera kuwa a nemi ta gaban fiffike, can ƙarar inji ta fi sauƙi, nesa da ban ɗaki da wurin haɗa abinci.

Sai abin rufe kunne. Masu kuɗi kan ruga su sayi mai batir da ke kashe ƙara, irin na Sony ko Bose. Yana maganin gurnanin inji sosai, amma kukan jariri da sanarwar lasifika suna ratsa shi, su ne kuwa ke firgita yaro. Wasu ma suna jin kamar an danne masu kunne idan an kunna shi. Mai kumfa a ciki marar batir, irin wanda ma'aikatan filin jirgi ke sawa, wanda masu kanti suka sani da casque antibruit, yana rage kimanin desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 25 zuwa 30, ba ya mutuwa a hanya, kuɗinsa bai kama ƙafar wancan ba. Shi ne nawa zaɓin ga yaro. Ƴan soso da ake cusawa cikin kunne sun fi arha, sun ishi babba, amma yara da yawa ba sa yarda a sa masu komai a ciki. Kowanne aka saya, a fara sa masa a gida, sannan a gwada a kasuwar Katako ko Babbar Kasuwa da hantsi. Idan ya cizge shi a can, zai cizge shi a layin bincike.

Wurin binciken shi ne mafi tsauri. Za a ce a cire abin kunnen, a sa ƴar motar wasan da yaron bai taɓa saki ba cikin faranti, ta shige cikin na'ura ta ɓace masa. Babba ɗaya ya fara wucewa ya tsaya ɗaya ɓangaren inda yaron ke ganinsa, a bar motar ta zama ta ƙarshe a faranti. Takardar likita da Faransanci, da Ingilishi in an samu, ta kasance a aljihu, ba cikin akwati ba.

Masu tasowa daga Tawa, hanyar ta haura kilomita 500. A iso Yamai da kwana ɗaya a gaba, yaron ya yi barci a gidan dangi, kar a sauke shi daga bas a wuce da shi filin jirgi a daren.