Karuta ko allo mai magana: me za a saya wa yaron da zai koyi rubutun Japan?

Duk 'yar uwar da ta sauka Japan da ƙananan yara, kafin ta gama kwance kaya sai ta kira ni: "Maman yara, me zan saya masa ya fara gane wannan rubutun nasu?" Ba na ganin laifinta. A nan shekarar karatu a watan Afrilu take farawa, yaro yana da shekara 6 zai shiga aji ɗaya, kuma ko da yake malamai daga tushe suke ɗauko haruffan, da yawa cikin 'ya'yan Japanawa sun iya karanta sunansu tun suna makarantar reno. Namu mai jin Hausa a gida shi zai zauna yana zare ido.

Aikin da ke gaban yaron ba kaɗan ba ne. Akwai hiragana 46, akwai katakana 46 da ake rubuta baƙin kalmomi da su, sannan ga kanji, haruffan da suka aro daga rubutun Sin, guda 80 a aji ɗaya, 160 a aji biyu, har su kai 1,026 kafin ya gama firamare. Amma mafari hiragana ne, kuma mu muna da sauƙi a nan. Kusan kowane harafi gaɓa ce guda, baƙi da wasalinsa a manne: ka, ki, ku, ke, ko. Wadda ta yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo ba za ta ga baƙon abu ba. Har harshenmu ma ya dace, domin ふ ɗinsu da leɓe biyu ake hura ta, kamar yadda muke furta "fura".

Ni dai karuta nake so, kuma ba zan ɓoye ba. Katuna ne kashi biyu. Kashi ɗaya na karantawa, suna ce masa yomifuda, ɗayan kuma mai hoto da harafi guda a kusurwa, shi ake bazawa a ƙasa. Babba ya ɗauki na karantawa ya karanto jimla, yara su kasa kunne su ji sautin farko, wanda ya fara kai hannu kan katin mai wannan harafin ya cinye shi. In ka taɓa wanda ba shi ba, ka yi otetsuki, akwai tara. Shi ke nan dokar. Sunan ma daga kalmar Fotugis "carta" ya samo asali, tun ƙarni na 16 da jiragensu suka fara zuwa Japan, kuma wasa ne da iyalai ke yi musamman a hutun sabuwar shekara. Ranar da Hajiyarmu ta gan mu ta bidiyon waya mun baza katuna a kan tabarma, sai da ta yi salati: "Ke yanzu karta kike koya wa jikata?" Na daɗe ina rantsuwa kafin ta yarda karatu ne.

Abin da ya sa na fifita ta shi ne tana tilasta wa yaro ya haɗa kunne da ido cikin gaggawa, kuma ba ya sanin karatu yake yi. 'Yata ta shafe makonni tana rikita ぬ da め, da は da ほ, har ranar da ɗiyar maƙwabta ta wafce mata ぬ sau biyu a jere. Kuka ta yi, amma daga ranar ta san cewa ぬ ce mai ɗan ƙulli a wutsiya. Ga kuma ribar da ba a faɗa a jikin kwali: uwa ita ce mai karantawa, saboda haka dole ke ma ki iya. Ni a bakin karuta na gyara nawa karatun. Bayan wata biyu muka sauya, ita ke karantawa ni ina neman kati.

Sai dai a kula da iri. Akwai tsohuwar iroha karuta ta karin magana, wadda katinta na farko a tsarin Edo, wato Tokyo ta dā, ke cewa kare ma in ya cika yawo zai gamu da sanda. Tana da daɗi, amma ba ta ɗan shekara huɗu ba ce. Maganganunta na dattawa ne, kuma tana ɗauke da ゐ da ゑ, haruffan da aka daina amfani da su a rubutun yau da kullum tun gyaran 1946. Ki nemi wadda aka rubuta あいうえお, wato a-i-u-e-o, a jikin kwalinta, mai hotunan abinci ko dabbobi. Ki duba kaurin katin, domin za a yi ta marinsa. Ki duba kuma yadda suka yi da ん, harafin "n", tunda babu kalmar da ke farawa da ita. Masu kyau sukan sa ta a cikin kalma su yi mata launi daban.

Sauran kayan ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Allo mai magana, wanda in an danna harafi yake faɗin sunansa, yaro zai danna ba tare da ya kalli abin da ya danna ba, ke kuma ki kwana da ciwon kai da sayen batir. Manhajar waya, kin ba shi don hiragana, bayan minti biyar yana kallon zane mai motsi. Tubalan katako masu harafi suna da kyau da ƙarko, amma ga tsada ga nauyi, kuma a gidana gini aka yi da su. Takardar haruffa da ake mannawa a bangon banɗaki ita ce kaɗai zan ce a haɗa da karuta, domin ba ta jin ruwa, kuma irinta da arha ake samu a shagunan yen 100 kamar Daiso, inda da haraji kaya ke kamawa yen 110. Katunan Kumon, kamfanin darussan yara, ba su da laifi ga mai son bita a natse, sai dai ba wasa ba ne.

Yanzu ga inda aka ƙone ni, kuma don shi na zauna rubutun nan. Kafin mu taso na yi dabarar sayen kaya ta intanet don yarinya ta fara tun a gida. Na ga wani saiti mai rahusa, katunan hiragana da katakana da kanji duka a kwali ɗaya, ga tutar Japan da furanni a jiki, ga kibiyoyi masu nuna yadda ake jan alƙalami. Muka yi wata da watanni muna bi. Sai da ta shiga aji ɗaya ta dawo da littafinta cike da gyaran jan biro, malamar ta tare ni a bakin ƙofa cikin ladabin nan nasu, ta ce, "Okaasan, a ina ta koyi rubuta さ haka?" Ashe katunan da salon buga jarida aka buga su, inda ƙasan さ da き ke haɗe da samansu. A makaranta kuwa a rabe ake koyar da su, da wani salo na littattafan karatu da ake kira kyokasho-tai. Kwance abin da hannun yaro ya saba ya fi koya masa sabo wahala nesa ba kusa ba.

Da na koma na zazzage kwalin da idon basira, sai na ga ɓarnar ta wuce nan. Kibiyoyin も sun fara da gajerun layuka biyu, alhali da dogon lanƙwasan ake farawa. Na 右 da 左 iri ɗaya aka yi musu, ga shi a Japan 右 da layin da ya karkato ake fara ta, 左 kuma da na kwance, dukkansu kuma kanjin aji ɗaya ne. A katin mota 车 na gani, wato rubutun Sin da aka sauƙaƙa, maimakon 車 ta Japan. Wanda ya buga kayan bai san bambancin ba, ko ya sani ya ce masu saye ba za su gane ba, kuma gaskiyarsa, ban gane ba.

Saboda haka kafin ki biya ko sisi, ki buɗe hotunan kayan ki faɗaɗa su. Ki nemi さ da き ki ga ko a rabe suke. In akwai kanji, ki duba 車 da 見 da 馬, in kika ga 车 ko 见 ko 马 ki rufe shafin. Ki kalli 今: ta Japan ɗan gajeren layi ne a kwance a ƙarƙashin rufin, ta Sin ɗigo ne. A katakana ki gwada シ da ツ, domin dogon layin シ daga ƙasa yake hawa sama, na ツ daga sama yake sauka, kuma mai buga jabu yakan maishe su tagwaye. Mai sayarwa da ya ɓoye katunan ya nuna kwali kawai, yana da abin da yake ɓoyewa. Tuta da furanni kowa na iya bugawa. Ki nemi sunan kamfanin da adireshinsa a Japan a bayan kwali. Ni har katunan da aka rubuta wa karatun da haruffan boko a ƙasan kowane harafi na daina saye, domin yaron da ya san boko can idonsa zai tafi, hiragana ta zama ado.

Sai batun lafiya, tunda gidajenmu ba a rasa mai rarrafe. Ki nemi tambarin ST na ƙungiyar masu kayan wasa ta Japan, wanda ake sawa tun 1971. Haruffan manna wa firiji masu ɗan ƙaramin maganaɗisu a baya nake tsoro. In ya ɓalle yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi. Abin ya kai a 2023 hukumomin Japan suka ƙarfafa doka kan saitin ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi. In dole sai na firiji, ki ɗauki wanda duk bayansa shimfiɗa ɗaya ce, ba ƙwaya ba.

In na hannu za ki saya, wanda ya fi arha, ki zauna ki ƙirga katunan kashi biyun kafin ki tashi. Tamu ma yanzu 45 ce a ɓangaren hotuna. Ƙanenta ya tauna ぬ lokacin da yake haƙora, sai yayar ta yanko kwalin madara ta zana wata da kanta, da ƙullin wutsiyar da komai, ita muke bazawa har yau.