Allon ya burge ni, amma filafilinsu ya yashe ni a tsakiyar tafki

Wata huɗu ke nan da na sayi wannan allon da ake tuƙawa a tsaye a kan ruwa, irin wanda ake hura wa iska. Da a makon farko na rubuta sharhin nan, tauraro biyar zan dangwala masa ba wata-wata. Gara da na jinkirta.

Kun dai san irin saitin: jaka guda, a ciki ga allo a naɗe, ga famfo, ga filafili mai gaɓa uku, igiyar ƙafa, fiffiken da ake maƙalawa a ƙasa, da ɗan kayan faci. Nawa tsawonsa ƙafa 10 da inci 6 ne, faɗi inci 32, kauri inci 6, wato girman da kowa ke cewa ɗan koyo ya fara da shi. Kuma da gaskiyarsu. Ni ba ƙaramin mutum ba ne, ina taɓa kilo 90, amma allon bai taɓa lanƙwashewa a ƙarƙashina ba. Kafin ya iso na ɗauka wata katifar iska ce za su aiko min, in hau tana lotsawa. Da na cika shi zuwa 15 PSI, wato ma'aunin matsin iskar ciki, na ƙwanƙwasa da hannu, sai na ji kamar katako. Ashe a cikinsa akwai dubban zaruruwa da suka ɗinke saman da ƙasan, su ne ke hana shi kumbura kamar tayar mota, iska na ƙara shiga yana ƙara tauri. Wannan kam ba ni da abin cewa.

Koyon ma bai ba ni wahalar da na zata ba. Rana ta farko a durƙushe na wuni. Rana ta biyu na miƙe, ƙafafuna a gefe da gefen hannun ɗaukar da ke tsakiya, gwiwoyina na karkarwa kamar mazari. Abin da ya taimake ni shi ne daina kallon ƙafafuna. Muddin ka sunkuyar da kai, ruwa ka nufa. Ka ɗaga kai ka kafa ido a kan wata bishiya can nesa, sai ka ji jikinka ya daidaita da kansa. Sai da na yi kwana uku ina riƙe filafilin a juye, don a tunanina kamar cokali ake kamfatar ruwa da shi, alhali lanƙwasar bakin gaba take kallo. An ce masu koyar da hawan igiyar ruwa a gaɓar Waikiki ta Hawai ne suka riƙa tsayuwa haka tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce don su hango ɗalibansu, kafin gwanayen hawan igiyar ruwa irin su Laird Hamilton da Dave Kalama su farfaɗo da abin a farkon shekarun 2000. Su a kan teku suke yi. Ni tafki ma sai da ya nuna min ruwa ba sa'an kwando ba ne.

To ga abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Wata safiya muka fita da ƙanena. Shi ba ya shiga ruwa, rakiya ce kawai, ya zauna a gaɓa yana latsa waya. Ruwa ya kwanta luf a bakin gaɓa, sai wata 'yar iska mai daɗi da ke bugo bayana. Na ji allon na sulalawa kamar ana ja na da igiya. Bugu biyu uku, na yi nisa. Har ina yaba kaina a zuci, wai na ƙware. Ban san iskar ce ke aikin ba. Iskar da ke tasowa daga tudu ta nufi tsakiyar ruwa mayaudariya ce, don a bakin gaɓa bishiyoyi sun tare ta, ba ka ganin ko ƙyas a fuskar ruwan, sai ka yi nisa take nuna maka halinta. Ga shi allon iska a saman ruwa yake zaune, ba ya nitsewa ciki, kai kuma da ke tsaye ka zama tamkar tutar da iska ke turawa.

Da na waiga na hango ƙanena ya koma ɗan mitsitsi, na ce to, a juya. Ina juyawa iska ta mare ni a fuska. Na dage na soka filafilin da ƙarfi, na ja. A bugu na biyar ko na shida, maɗaurin roba da ke riƙe tsawon sandar ya saki, hannun sama ya zurma ciki lokaci guda, ni kuwa duk nauyina na kansa. Sai ji na yi tsundum. Da na ɗago kai, allon har ya fara gudu, iska ta ɗauke shi. Igiyar ƙafa ce ta fizgo shi ya dawo. Ba don ita ba, da iyo ba zan kamo shi ba, wannan na tabbata.

Na hau da ƙyar, na ja sandar na mayar da ita tsawonta, na danne maɗaurin. Ban ma yi gigin miƙewa ba, na ci gaba a durƙushe. Ban yi bugu ashirin ba na ji hannuna ya yi sakayau. Gaɓar ƙasa, wadda ke ɗauke da bakin filafilin, ta zare daga inda ɗan maɓallin ƙarfe ke riƙe ta. Ina kallonta ta kwanta a kan ruwa kamar taku biyu daga inda nake. Na miƙa guntun da ke hannuna in jawo ta, iska ta matsar da ni. Sai ta ɗaga kai sama, ta yi 'yan kumfa, ɓul ɓul ɓul, ta tafi ƙasa a tsaye. Abin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a tallar cewa ba ya nitsewa.

Nan ido ya raina fata. Ga ni a tsakiyar tafki riƙe da guntun bututun alminiyam, iska na ƙara ja na, gaɓa na ƙara nisa. Rigar hana nitsewa kuma, laifina ne wannan ba na kowa ba, tana ɗaure a ƙarƙashin robobin gaban allo, don na ce zafi take sa ni. A nan na zaro ta na saka, hannuna na ɓari har na kasa haɗa maɗaurin sai a karo na uku. Na cusa guntun sandar a ƙarƙashin ƙirjina, na kwanta rub da ciki, na shiga tuƙi da hannuwa biyu. In ka kwanta iska ba ta samun inda za ta kama ka sosai, wannan kaɗai na tuna daga abin da na taɓa karantawa, kuma ya yi aiki, amma tafiyar hawainiya ce. Ruwa na fantsamo min a hanci, kafaɗuna kamar ana zuba musu wuta, roban saman allon na gurzar haɓata. Na daina kallon gaɓa don in na kalla sai in ga kamar ban motsa ba. Na koma ƙirga bugu, ɗari in huta, ɗari in huta, kuma duk hutun da na yi iska sai ta karɓe rabin abin da na samu.

Na fi rabin awa a haka kafin wani dattijo mai kwalekwale ya nufo ni. Ƙanena ne ya ruga ya same shi. Ya iso bai ce min komai ba, ya jefo igiya, na ɗaura a zoben gaban allon. Sai da muka kusa gaɓa ya dube ni ya dubi guntun sandar, ya ce, "Yaro, da wannan ka shiga ruwa?" Na ce, "Baba, da rabinsa na dawo." Bai yi dariya ba. Ya ce in ka ga ganyen bishiya na kallon ruwa, ba ranar nisa ba ce. Ƙanena kuwa idonsa ya yi ja, abin da ya iya faɗa kawai, "Yaya, don Allah a sayar da abin nan."

Da na dawo gida na nutsu, na duba guntun da ya rage. Bututu ne fayau, babu ko ɗan soson da ake cusawa a ciki don ya hana ruwa cikawa. Ramin da maɓallin ke shiga ya buɗe ya zama kamar ƙwai saboda taushin ƙarfen. Maɗaurin saman kuma ɗan noti guda ne ke riƙe da shi, ya kwance, kuma babu inda takardar da ke cikin jakar ta ce a riƙa ɗaure shi. Takardar ma shafi ɗaya ce, hotuna shida, mutum na murmushi.

Na rubuta wa masu sayarwa. Kwana huɗu shiru. A na biyar suka amsa da cewa in turo bidiyon lokacin da abin ya faru. Bidiyo! Da wane hannun? Da na sake rubutawa, sai wata ta bayyana min cikin ladabi cewa filafilin ba ya nitsewa ne idan yana haɗe, kuma na ɗan lokaci. To ai wanda yake haɗe a hannuna yake, me zai kai shi nitsewa? Ƙarshenta suka ce za su yi min rangwame in sayi wani irinsa. Irinsa fa. Na gode musu.

Na san za a ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, filafilin da ake haɗowa a saiti dama na jeka-na-yi-ka ne. Na yarda. Amma ɗan koyo ne ke sayen saiti, shi ne kuma bai san haka ba. Ya ga jaka cike da kaya, ya ɗauka an gama masa komai.

Kuma tunda abin ya taso, bari in fito da sauran da na haɗiye a baya don ina cikin ɗokin sabon abu. Famfon nan azaba ne. Allurar gejinsa ba ta ko motsi sai ka kusa rabin hanya, ranar farko har na ɗauka a lalace ya zo. Daga 10 PSI zuwa 15 kuwa da duk jikinka kake dannawa, kafin ka shiga ruwa ka riga ka jiƙe. Bawul ɗin yana da ɗan tsinke a tsakiya: in yana sama a rufe yake, a haka ake hurawa, in ka danna shi ƙasa a buɗe yake. Babu wanda ya gaya min. Na yi minti goma ina famfo da tsinken a ƙasa, ina zare tiyo iskar ta fito da wata ƙara, duk wahalata ta bi iska a gaban mutane. Layi ɗaya a takardarsu da ya wadatar. Yanzu kuma tiyon ya fara tsagewa a wuya, na naɗe shi da salatif. Zif ɗin jakar ya mutu tun wata na biyu.

Maganar igiya ma haka. Ita ta cece ni a tafki, amma irin wannan ta idon sawu ba a shiga kogi mai gudu da ita, don in ta sarƙe a reshe ko dutse ruwa zai danne ka, hannunka ba zai kai ƙafarka ka kwance ba. A can ta ƙugu ake ɗaurawa, mai ɗan ƙulli da za ka ja ta sake ka nan take. Ba wasa ba ne, mutum huɗu masu irin wannan allon sun rasa rayukansu sakamakon hatsarin da ya auku a watan Oktoban 2021 a wata madatsa da ke kogin Cleddau a garin Haverfordwest na yankin Wales. Takardar saitin nan ko kalma ɗaya ba ta ce a kan bambancin igiyoyin ba, ba ta ce komai a kan iska ba, ba ta ma ce kar a bar allon cike a rana ba, alhali zafi na ƙara matsin iskar ciki har ya iya ɓarka haɗin. Duk a wajen mutane na tsinto.

Ban sayar ba dai, ƙanena ya yi haƙuri. Na sayi wani filafilin daban, mai gaɓa biyu, sandarsa ta kabon. Ranar da na ɗaga shi na ji kamar ba komai a hannuna, sai a lokacin na gane tsohon ne ke sa min ciwon kafaɗa, ba tsufa ba. Kafin in yarda da shi sai da na tsaya a ruwa iya gwiwa, na raba shi biyu, na jefa kowane ɓangare, na tsaya ina kallon agogo minti biyar. Duk suna sama. Tsawonsa na saita shi kamar tafin hannu guda a buɗe sama da kaina, na yi alama da fenti, kuma duk fita sai na taɓa notin. Rigar kuma a jikina take tun daga gaɓa, zafi ko ba zafi.

Da sabon filafilin, allon ya koma abin da na fara so. Yana tafiya a miƙe, ba ya rage iska ko ya kwana biyu a cike a inuwa, na sha goga shi a tsakuwa bai ko nuna ba. Har ina jin haushin yadda yake da kyau, don ya hana ni in zage su gaba ɗaya. Da allon kaɗai ake ba wa maki, huɗu ne, har da rabi. Na zo da niyyar ba saitin uku. Amma yanzu da na sake karanta saƙon nan nasu na bidiyo, biyu zan ba shi. Guntun sandar na nan a bayan mota, in suna son shaida su aiko a karɓa.